Lantana da Laƙanin Fifita

Tun da mutane suka tasa tsamiyoyi da kukoki a gaba da gatari, suka gina shaguna a gurbinsu, aljanu suka rasa matsuguni. Wasu suka nausa daji, wasu suka koma tsofaffin rijiyoyi. Amma wata zuriya daga cikinsu, masu son zama kusa da mutane, suka duba suka ga babu abin da ɗan'adam yake ƙura wa ido kamar wayar hannu. Sai suka tattara nasu ya nasu suka tare a cikin wani gem, wato wasan waya, da ake kira Birnin Garwashi. Masu buga shi ba su san da haka ba. Su dai suna ganin dodanni da kogunan wuta, suna ta jifa da laƙani iri-iri, suna murnar sun haye mataki, alhali gidajen masu rai suke rushewa.

Cikin masu buga gem ɗin nan har da Haladu tela, mijin Lantana. Da can mutum ne mai raha, in yana kan keken ɗinki har maƙwabta suna jin waƙarsa. Sai zazzaɓi ya kama 'yarsu ɗaya tilo, Kubura. Lantana ta zauna a kanta da mafici tana fifita har Allah ya karɓi abarsa. Daga nan Haladu ya yi shiru, ya sunkuyar da kai a kan waya, ɗinkin mutane ya taru a kusurwa. Lantana ta yi lallashi, ta yi faɗa, kuma in ana batun faɗa ba a bar ta a baya ba, duk a banza. Ita ma tun ranar rasuwar ba ta ƙara kiransa Baban Kubura ba. Sai dai Malam, shi ma in ta kama dole.

Wata rana da hantsi ta kawo masa kunun gyaɗa yana ta tururi. Ta same shi a kan tabarma, ido ya yi ja, yana cewa yau ya kai ƙofar ƙarshe, zai saki babban laƙaninsa, Gobarar Sama. Bai ko dubi kwanon ba ya danna. Sai ga wani hannu baƙi, siriri kamar muciya, ya fito daga gilashin wayar. Ya cafki wuyan rigarsa, ya ninke shi kamar yadin da za a yanka, ya ja shi ciki. Hularsa kaɗai ta rage tana birgima a tsakar ɗaki.

Lantana ba ta yi ihu ba, don tsoron ya wuce na ihu. Ta ajiye kunun ta ɗauki wayar. Layin batir ya riga ya koma ɗorawa, wutar lantarki kuwa an kwana biyu ba a gan ta a unguwar ba. A tsakiyar gilashin an rubuta cewa mai bin sawu ya dangwala yatsa. Ta gyara ɗaurin zane, ta yi bismillah, ta dangwala.

Ta tsinci kanta a gaban wata ƙofar gari ta jan yumɓu, wadda tsawonta ya ɓace a cikin hayaƙi. Babu rana a samaniyar ƙasar. A maimakonta wani dogon layi ne kwance daga gabas zuwa yamma, launin ɗorawa, yana raguwa a hankali. A bakin ƙofar wata tsohuwar aljana tana zaune, kunnuwanta sun sauko har kafaɗa, a bayanta an rataye gorunan laƙani manya da ƙanana.

Tsohuwar ta ce, "Ya ke 'yar'adam, mun san ki. Ke ce wadda ba ta watsa ruwan zafi a ƙasa sai ta surka shi, don kada ta ƙona 'ya'yanmu. Saboda wannan zan gaya miki gaskiya. Wutar da mijinki ya saki a kan ɗan Sarauniyarmu ta faɗa, jariri na goye. Yana can a tsare a fada. Kin ga layin can na sama? In ya mutu ƙofa ta rufe, mijinki ya zama namu har abada."

Lantana ta durƙusa ta ce, "Iya, to a ba ni abin yaƙi."

Ta miƙa hannu ta nuna wata gora da ta kai tulu girma, wadda tsawa take gurnani a cikinta. Tsohuwar ta yi dariya har kunnuwanta suna kaɗawa. Ta ce kowane laƙani yana cin ƙarfin mai shi, kuma sabon shiga ba shi da ƙarfin da zai ɗaga ko murfin wannan. Ta laluba can ƙasa ta ciro wani ɗan tandu kamar na kwalli, ta rataya mata a wuya. Sunansa Fifita. Mutum ya hura a tafin hannunsa ya nuna abin da yake so, sai zafin abin ya ragu kaɗan, gwargwadon yadda ake fifita wa yaro kunu. Numfashi ɗaya yake ci, kafin a ja wani ya dawo. Ta ce duk wanda ya shigo da shi yake farawa, kuma da ya sami wanda ya fi shi sai ya jefa shi ƙasan jaka ya manta.

Ran Lantana ya ɓaci ƙwarai. Ta zo ƙwato miji daga hannun aljanu, an haɗa ta da mafici. Amma da ta ɗaga kai ta ga layin sama ya ƙara raguwa, sai ta haɗiye maganar da ta zo mata baki, abin da ba ta saba yi ba, ta shige ƙofa.

Abin da ta fara tararwa shi ne wani fili mai rairayi, zafinsa kamar kaskon suya. Tana taka shi silifas ɗinta suka narke. Ta ja da baya da tsalle. Ta ga manyan jarumai suna wucewa ta sama a kan guguwa, ko kallonta ba sa yi. Da ta rasa dabara sai ta hura a tafin hannu ta nuna gabanta. Wuri kaɗan, daidai tafin ƙafa, ya yi duhu ya huce. Ta taka. Ta sake hurawa, ta sake takawa. Haka ta yi ta tafiya, tana hurawa tana mita, tana cewa in ta kama Malam sai ya gane kurensa.

A tsakiyar filin ta iske wani ƙaton jarumi a durƙushe, sulken ƙarfen da ke jikinsa ya yi jawur. Ya zazzage ƙarfinsa duka wajen sakin guguwa a kan wasu kunamu, ƙarfin kuma irin nasu ba ya dawowa da wuri, ga shi rairayi yana gasa shi a hankali. Lantana ta tsaya ta yi ta hura masa, kafaɗa, ƙirji, gwiwa, har ƙarfen ya koma baƙi. Sai wata murya irin ta mutanen gari ta fito daga cikin kwalkwalin.

"Baiwar Allah, na gode. Ni ban taɓa ganin irinki a gem ɗin nan ba. Sunana Nomau, direba ne, ina nan tasha ina jiran lodi."

Ta gaya masa ita ba 'yar gem ba ce, matar aure ce, mijinta ta biyo. Nomau ya yi salati, sannan ya ce shi dai bai gane ba, amma wadda ta cece shi ba zai bar ta a rana ba. Ya ɗora ta a kafaɗarsa. Tana hura masa hanya yana zabga taku, kafin ka ce me sun ƙetare.

Suka wuce wata kasuwa da ake sayar da inuwa a cikin kwarya, suka wuce dajin da itatuwansa suke juya baya in an dube su, har suka iso wata gada a kan kogin narkakken ƙarfe. A kan gadar wata kura ta tagulla take gadi, girmanta ya kai ɗaki, cikinta na ci da wuta. Nomau ya zare takobi ya sare ta a wuya. Takobin ya lanƙwashe kamar alewa. Kurar ta wage baki ta tuntsire da dariya, narkakkiyar tagulla tana ɗiga daga muƙamuƙinta.

Ta ce, "Ya ku baƙi, jarumai sun jefe ni da tsawa na haɗiye, sun jefe ni da duwatsu na tauna. Ke mai ɗan tandu, da me kika zo?"

Lantana ta lura wurin da muƙamuƙin ya haɗu da kai ya fi ko'ina ja, don a nan yake motsi. Ta ce, "Da numfashi na zo, ranki ya daɗe. Ki ƙara dariyar, ta yi miki kyau."

Kurar ta ƙara wage baki. Lantana ta hura ta nuna mahaɗar, ta sake, ta sake, ba ta saurara ba. Jan ya dusashe, tagullar ta daskare, bakin ya tsaya a buɗe ya ƙi rufuwa. Kurar ta yunƙura za ta take su, Nomau ya tare ta da garkuwa, Lantana ta bi gwiwoyinta ɗaya bayan ɗaya tana fifitawa har suka sandare. Suka bi ta ƙarƙashin cikinta suka wuce, suka bar ta tana zare ido. Nomau ya ce shi wata da watanni yana mutuwa a kan gadar nan, yau ga shi ya haye ta a bayan mai mafici.

Lokacin da suka shiga fada layin sama ya riga ya zama ja. Aljanu sun cika zaure, kowa ya yi jugum. A gefe ɗaya ga Haladu a cikin wani ƙaton tulu, kansa kaɗai ke waje. Da ya ga matarsa sai ya sunkuyar da ido, don babu sauran abin da zai iya sunkuyarwa. Lantana ta zo da maganganu cike da baki, amma ba ta furta ko ɗaya ba, saboda idonta ya faɗa a kan abin da ke tsakiyar zauren.

Jariri ne kwance a cikin wani faffaɗan kaskon dutse. Zafi ya mai da shi fari fat, har ido ba ya iya daɗewa a kansa. Yana buɗe baki yana kuka, murya ba ta fita. Uwarsa, Sarauniya, doguwa mai gashin hayaƙi, tana tsaye nesa da shi ta harɗe hannuwa a ƙirji. Tun da abin ya faru ba ta iya taɓa shi ba.

Ta ce, "Ya ke matar mai laifi, mu daga wuta aka yi mu, ba mu san yadda ake rage ta ba, ƙara ta kawai muka iya. Wutar da mijinki ya jefo ta fi ƙarfin ɗana, tana cin sa. In ya rayu, ki tafi da naki. In ya mutu, ko sama ta yi duhu kafin ya tashi, naki ya zauna a madadin nawa."

Nomau ya matso ya ce ƙarfinsa ya dawo, kuma yana da laƙanin Ƙanƙara, wanda yake daskarar da tafki guda a bugu ɗaya. Sarauniya ta ɗaga hannu ta tsai da shi. Ta ce ɗanta garwashi ne, in aka jefa masa wannan zai mutu nan take kamar an tsoma shi a randa. Manyan laƙanai duk an kawo mata su, kowanne ya yi wa jariri yawa.

Lantana ta dubi kaskon. Ta taɓa zama a kan yaro mai zafin jiki tana fifita, kuma ta san yadda wancan zaman ya ƙare. Tsoro ya kama ta, ba na aljanu ba, na kada ta sake ganin ƙaramin ƙirji ya daina motsi a gabanta. Ta ji kamar ta juya ta gudu. Sai jaririn ya miƙo ɗan hannunsa sama yana laluben wanda zai ɗauke shi. Ta matsa iya inda fatarta za ta jure, ta durƙusa, ta hura a tafin hannu.

Da farko ba a ga komai ba. Ta ci gaba. Ta fara da goshi, ta koma ƙirji, ta sauko tafin ƙafa, ta sake komawa goshi, yadda uwa take yi. Gefen mayafinta ya babbake, leɓɓanta suka tsage. Can sai farin ya soma sirkawa da ɗorawa a kan yatsun ƙafa. Aljanu suka miƙa wuya. Amma da ta koma kan goshi sai ƙafar ta sake yin fari, jiri kuma ya fara ɗibar ta. Ta leƙa ta tagar zaure ta ga layin sama ya zama kamar zare. Ta gane numfashin mutum ɗaya ba zai isa ba.

Ta juya wajen tulun ta ce, "Malam, ina naka? An ce kowa da shi ya fara."

Haladu ya ce yana nan, a ƙasan jaka, ya ma manta kamanninsa. Lantana ta roƙi Sarauniya a sake shi, ta ce wanda ya kunna wuta shi ya fi cancanta ya zo ya hura. Aka fasa tulun. Haladu ya zazzage jakarsa, takubba da kambuna da gorunan da ya yi watanni yana tarawa suka zube a ƙasa, can ƙarƙashi ga ɗan tandu ya yi ƙura. Nomau ma ya tono nasa. Ya ce mota ta cika, fasinjoji suna ta buga masa ƙofa, amma yau sai dai su jira.

Suka kewaye kaskon. Lantana ta riƙe goshi, ta ba Nomau ƙafafu, ta ba mijinta ƙirji. In ɗaya ya ja numfashi ɗaya yana hurawa, zafin bai ƙara samun wurin komawa ba. Haladu yana hurawa hawaye na zuba, suna ƙafewa kafin su kai gemu. Tsakanin numfashi da numfashi ya gaya mata, murya ƙasa-ƙasa, cewa ranar da Kubura take kwance kasa shiga ɗakin ya yi, a bakin ƙofa ya tsaya, kuma tun ranar bai iya haɗa ido da ita ba. Lantana ta matsa kaɗan ta ba shi wuri kusa da ita.

Fari ya koma ɗorawa, ɗorawa ya koma ja. Sai ga murya ta fito, siririya, sannan ta buɗe, kukan jariri sosai mai cika zaure. Haladu ya taɓa shi ya janye hannu da sauri, ya ce har yanzu da zafi, a ci gaba har sai ya yi kamar jikin mutum. Lantana ta riƙe masa hannu, ta ce da Nomau shi ma ya dakata.

Ta dubi Sarauniya ta ce, "Ranki ya daɗe, ba ɗana ba ne, ban san ɗuminsa ba. In muka zarce za mu kashe shi. Ke kika san shi. Zo ki taɓa."

Sarauniyar da dodanni suke rawar jiki a gabanta ta tako tana ɗari-ɗari. Ta sunkuya ta ɗora bayan hannu a wuyan yaron, ta rufe ido.

Ta ce, "Saura kaɗan."

Lantana ta hura sau ɗaya, a hankali.

Sarauniya ta ce, "Ya isa. Wannan ne ɗana."

Ta sure shi ta rungume. Yaron ya yi atishawa, tartsatsi ya watsu, ya shiga laluben nono. Fada ta kaure da guɗa, irin guɗar da ta sa gorunan ƙofar gari suka yi ta karo da juna, kurar gada ma ta ji ta yi ta kaɗa wutsiya da bakinta a buɗe. Lantana ta zauna daɓas a ƙasa tana dariya tana kuka, wani farin ciki da ta manta ɗanɗanonsa ya cika mata ƙirji.

Sarauniya ta ce ta zaɓi gorar da take so cikin dukan gorunan birnin, ko da ta tsawa ce. Lantana ta dafe ɗan tandunta ta ce a bar mata wannan, kuma a taimaka a buɗe hanya, don sama ta fara lumshewa. Nomau ya yi musu sallama a gurguje, ya ce ko ya ba da labarin nan a tasha babu mai yarda. Sai hannun nan siriri ya miƙo, ya haɗa mata da miji, ya ninke su tare, wannan karon da ladabi.

Suka zube a kan tabarma. Wayar ta yi ƙyaftawa ɗaya ta mutu. Hular Haladu tana nan inda ta tsaya, kunun kuma bai ko daina tururi ba.

Haladu ya dubi wayar, ya kifa ta, ya tura ta ƙarƙashin tarin ɗinkin da ke kusurwa. Ya jawo kwanon zai kai baki. Lantana ta tare shi. Ta hura a tafin hannunta ta nuna kwanon, tururin ya kwanta.

Ta ce, "Baban Kubura, sha kununka."

Sunan ya daɗe bai shiga ɗakin nan ba. Haladu ya ɗago ya dube ta ido cikin ido, ya karɓa da hannu biyu, ya shanye tas. A nan na baro su, yana tambayarta ko akwai ƙari, ita kuma tana cewa ya fara gama rigunan mutane tukuna.